Daga Zaure Zuwa Waya: Darasi Kan Neman Aure Tsakanin Matasanmu na Madina

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicce mu maza da mata, Ya sanya ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda muka yi dacen zama maƙwabtansa a wannan birni, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi maganar da ake yawan yi a raɗa, ba a cika yin ta a fili ba: yadda samarinmu da 'yan matanmu ke neman juna a yau. Koke-koken da ke zuwa wa ƙungiyarmu a zahiri na haya ne da abinci da kuɗin asibiti. Amma idan aka bi diddigin wasu daga cikinsu, sai a tarar tushen ya koma ga aure: auren da aka ɗaura babu takarda, ko alkawarin da aka yi a waya aka karya, ko yarinyar da aka aurar ba da son ranta ba ta dawo gida da goyo. Don haka muka ga ya dace mu zauna mu duba abin da ya sauya daga kakanni zuwa jikoki, mu auna shi da abin da ya faru a wannan gari a zamanin Manzon Allah (SAW).

Yadda abin yake a gida

A ƙasar Hausa, neman aure yana da matakai da kowa ya sani. Saurayi kan ga yarinya a dandali, ko wurin biki, ko a hanyar rijiya. Idan ta kwanta masa a rai, sai ya nemi iznin zuwa zance. Ya zo da abokinsa bayan magariba, ya aika yaro cikin gida a yi masa sallama, ita kuma ta fito da ƙanwarta ko ƙawarta. A zaure ko a ƙofar gida ake yin hirar, mutanen unguwa suna wucewa suna gani. Idan ya daɗe yana zarya, mahaifi zai aiko masa ya turo magabatansa. Daga nan sai kuɗin na gani ina so, sai gaisuwar iyaye, sai bincike, sai baiko da sa rana, sai lefe da sadaki.

Ba mu cewa komai na da daidai ne. Akwai al'adu irin su tsarance da malamai suka daɗe suna yaƙa, akwai kuma auren dole da ya sa 'yan mata da yawa guje wa gidajensu. Amma tsarin yana da wata kariya da ya kamata mu lura da ita: babu wanda ke neman 'yar mutane a ɓoye. Ƙanwar nan da ke zaune a gefen tabarma shaida ce. Tsohon da ke wucewa zuwa masallaci shaida ne. Saurayin da ya yi wasa da yarinya ya san sunan gidansu ne ya zubar.

Sahu na farko: masu tafiyar ƙasa

Kakannin da yawa daga cikinmu da ƙafa suka zo. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, jama'a masu yawa suka nufi gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna a Sudan a bakin Shuɗin Nilu, garin da har yau ake kira da sunansa. Wasu suka zarce har Hijaz, kamar Alfa Hashim wanda ya zauna a nan Madina ya zama madogarar baƙin da suka fito daga yammacin Afirka. Bayansu ayari bai yanke ba: ta Borno, ta Abeche, ta Darfur, a yi noman auduga a Jazira a tara guzuri, sannan a tsallaka teku daga Sawakin. Tafiyar kan ɗauki shekaru, har yaron da aka goyo daga Kano ya iso Jidda da gemu.

Mutanen wannan sahu a hanya suka yi aure, ko a unguwannin Takari bayan sun iso. Madugu ko malamin ayari ne ke haɗawa. An ci wuya tare, an san wanda ke raba ruwansa da wanda ke ɓoyewa, don haka bincike ba ya wahala. Sadaki kaɗan ne, zance kuma ya yi ƙaranci, domin al'adar garin da suka tarar ba ta san budurwa ta fito ƙofar gida hira da namiji ba. Sau da yawa ba a tambayi yarinya ba. Zuriyarsu ce a yau ke amsa sunayen Hausawi da Barnawi da Fallata.

Sahu na biyu: zamanin kaset da hoto

Daga shekarun 1970, jirgin sama ya maye gurbin ayari, kuɗin mai ya jawo masu neman aiki, Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961 ta riƙa karɓar ɗalibai daga Najeriya da Nijar. Neman aure sai ya koma hannun alhazai. A naɗi magana a kaset, a haɗa da hoto da turare, a ba mai komawa gida. Bayan watanni amsa ta zo a wani kaset ɗin. An ɗaura aure da yawa a Kano ko Maraɗi ta hannun wakili, amarya ta biyo jirgin Umara ba ta taɓa ganin mijin ba sai a hoto.

A daidai lokacin kuma tunanin matasa a gida yana sauyawa. Finafinan Indiya sun cika gidajen silima, littattafan soyayya na Kano suka bazu daga shekarun 1980, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sannan finafinan Hausa suka biyo baya daga 1990. Jigon da yawansu ɗaya ne: yarinya tana da wanda take so, iyaye suna da wanda suka zaɓa. Littattafan nan da kasusuwan bidiyo sun iso ɗakunan matanmu a cikin jakunkunan alhazai. Nan ne kalmar soyayya ta fara zama abin da budurwa ke iya furtawa.

Sahu na uku: zamanin waya

Waɗanda aka haifa a nan sun tashi a wata duniya dabam. Yayyensu sun ga zamanin da samari ke jefa lambar waya a takarda cikin kasuwa, da zamanin Bluetooth, da na BlackBerry wanda a 2010 hukuma ta yi barazanar rufe saƙonninsa. Su kuwa sun buɗe ido da WhatsApp da Snapchat da TikTok. Ƙasar ma ta sauya a gabansu. A 2016 aka janye wa hukumar umarni da kyakkyawa da hani da mummuna ikon kama mutane. A 2018 mata suka fara tuƙi. A ƙarshen 2019 aka daina tilasta wa gidajen abinci raba ƙofar iyali da ta gwagware. 'Yan mata na aiki a shaguna da otal-otal, ana haɗuwa a manyan kantuna da wuraren shan gahawa da ke kan titin masu tafiya a ƙafa na Ƙuba.

Ga kuma matsalar harshe. Yaro yana tunani da Larabcin Hijaz, uwa tana faɗa da Hausa. Abin da ke zuciyarsa ba shi da kalmar da zai faɗa mata, ita kuma ba ta iya karanta abin da ke cikin wayarsa.

Inda bango ya tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar tamu a nan take: mun bar zance a gida, ba mu kuma ɗauki abin da mutanen gari ke yi a madadinsa ba.

Mutanen Hijaz suna da tasu hanyar. Uwa ko 'yar uwa ko mai dalilin aure ce ke nemo yarinya. Sai a sa ranar shaufa, saurayi ya zo gidan ya ga yarinya ta gan shi a gaban mahaifinta ko yayanta, su yi magana. Idan an daidaita sai a yi milka, wato ɗaurin aure, a ba da shabka ta zinariya, biki ya biyo baya bayan watanni. Tsakanin milka da biki suna hira da juna a matsayin miji da mata na halal.

A gidajenmu da yawa babu wannan, babu wancan. Zaure babu, domin ɗaki biyu ne a bene. Tsayuwa a ƙofar gida abin kunya ne a idon maƙwabta, wani lokaci ma abin jawo tambayar takardu. Mahaifi kuma yana jin nauyin a kawo saurayi cikin falonsa. Sakamakon haka, yarinya mai shekara ashirin da biyar ba ta da wata halastacciyar hanya da mai sonta zai bi ya same ta. Ƙofa a rufe take, waya kuwa tana ƙarƙashin matashin kai har asuba. Son da ke zuciyar jika shi ne wanda ya kasance a zuciyar kaka. Shaidu ne suka ɓace.

Abin da ke biyo bayan sirri mun sha ganinsa. Hira ta shekara biyu ko uku babu maganar magabata. Hoton da aka tura da amana ya koma makamin barazana, ana neman kuɗi ko abin da ya fi kuɗi muni. Mutumin da ya ce shi gwauro ne ashe yana da iyali a gida. Da kuma ɗaya ɓangaren: iyaye su gano, hankalinsu ya tashi, su tura yarinya Katsina ko Damagaram a ɗaura mata aure da ɗan baffan da ba ta taɓa gani ba, a garin da ba ta iya zafinsa ba balle maganarsa.

Abin da Madina ta gani tun farko

Kusan duk hukuncin neman aure da ke cikin littattafanmu a titunan wannan gari ya faru. Mu duba guda shida.

Na ɗaya, gani kafin aure. Mugira bin Shu'uba ya nemi wata mata daga Ansar, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya je ya gan ta, ya kuma bayyana masa cewa hakan ya fi sa zaman ya ɗore. A ruwayar Ibn Majah, iyayenta sun nuna ba su so, ita ce ta ji daga bayan labule ta yarda saboda umarnin Annabi ne. Nauyin da iyayenmu ke ji ba sabo ba ne, kuma Sunna ta rinjaye shi.

Na biyu, yardar mace. Khansa'u bint Khizam mahaifinta ya aurar da ita tana ƙi, ta kai ƙara, Manzon Allah ya warware auren. Bukhari da Muwaɗɗa duk sun kawo shi. Mun sani cewa a Risala da sauran littattafan Malikiyya an ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, amma malaman sun so a shawarce ta, ba su kuma halatta a cutar da ita ba. A ƙasar da muke zaune, babban Mufti ya bayyana a 2005 cewa tilasta wa mace aure haramun ne, dokar iyali ta 2022 kuma ta sanya yardar ma'aurata biyu cikin sharuɗɗan aure.

Na uku, so ba abin dariya ba ne, ba a kuma tilasta shi. Da aka 'yanta Barira ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis. Ya riƙa bin ta a lungunan Madina hawaye na jiƙa gemunsa. Annabi ya tausaya masa, ya roƙar masa ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya nuna mata ceto ne kawai, ta ƙi, bai kuma zarge ta ba. Samarinmu su lura: wadda ta ce a'a, a bar ta.

Na huɗu, waliyyi ba ya hana aure don fushi. Ma'aƙil bin Yasar ya rantse ba zai mayar da ƙanwarsa ga mijin da ya sake ta ba, alhali ita tana son komawa. Aya ta 232 ta Suratul Baƙara ta sauka a kan haka, ya sauko ya aurar da ita. Dokar ƙasar nan ma ta ba kotu ikon mayar da walicci ga wani idan waliyyi ya hana mace wanda ya dace da ita.

Na biyar, bincike da faɗin gaskiya. Faɗima bint Ƙais ta zo da sunayen manemanta biyu, Annabi ya faɗa mata aibin kowanne a fili: ɗaya ba shi da dukiya, ɗaya yana da zafin hannu ga mata. Sannan ya nuna mata Usama bin Zaid, ɗan 'yantaccen bawa, ita kuwa Baƙuraishiya ce. Wannan darasi ne ga masu ɓoye halin ɗansu idan an zo bincike, da masu cewa Bahaushe ba ya ba Babarbare, ko haifaffen nan ba ya auren sabon zuwa.

Na shida, sauƙi. Abdurrahman bin Auf ɗan hijira ne kamar mu, ya iso ba shi da komai, ya nemi a nuna masa kasuwa. Da ya samu abin hannu ya auri Ba'ansariya da zinariya mai nauyin ƙwallon dabino, aka umarce shi da walima ko da akuya ɗaya ce. Mu kuwa mun haɗa nauyin ƙasa biyu a kan yaro ɗaya: lefe da kayan sa rana na gida, ga shabka da hayar zauren biki na nan. Wanda albashinsa bai wuce haya da cefane ba, yaushe zai turo magabata? Ya kuma kamata iyaye su tuna Sayyidina Umar da kansa ya yi wa Usman da Abubakar tayin 'yarsa Hafsa. Nema wa 'ya mijin kirki ba zubar da girma ba ne.

A ɗaya gefen, Alƙur'ani ya hana riƙon masoya na ɓoye a Suratun Nisa'i aya ta 25 da Ma'ida aya ta 5, Suratul Isra'i aya ta 32 ta hana ko kusantar zina, Annabi kuma ya hana namiji keɓewa da macen da ba muharramarsa ba. Hirar tsakar dare da ba a son kowa ya gani, kowa ya san wace hanya ta nufa.

Maganar takarda da lafiya

Akwai abin da kakanninmu ba su fuskanta ba: takarda. Dokar iyali ta 2022 ta wajabta rubuta aure, ta kuma hana rubuta auren wanda bai kai shekara 18 ba sai da iznin kotu. Auren ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa da baƙo yana buƙatar izni na musamman daga hukuma. Auren da malamin unguwa ya ɗaura a ɗaki, ko da ya cika sharuɗɗan fiƙihu, yakan bar mace ba ta da hujjar neman ciyarwa ko gado, ya bar yaro yana wahalar samun takardar haihuwa da shiga makaranta. Idan aka kama uban aka mayar gida, kamar yadda aka yi wa jama'a da yawa a samamen 2013 da na 2017, uwa ce ke zama da 'ya'yan da babu sunansu a ko'ina. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya ƙi amincewa da auren da shaidunsa ba su cika ba, ya kira shi auren sirri. Masu iƙama mai rai su rubuta aurensu ta hannun kotu ko ma'azunin da aka ba izni. Waɗanda takardunsu ke da matsala su nemi shawara kafin a ɗaura, su kuma tuntuɓi ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsu a Jidda.

Dokar ta kuma fayyace cewa baiko alkawari ne, kowa na iya janyewa. Wanda janyewar ta zo daga gare shi ba ya karɓar kyautar da ya bayar, amma sadakin da aka biya kafin ɗaurin aure ana mayar da shi.

Game da barazana da hotuna, dokar laifuffukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya da tarar da za ta iya kaiwa riyal 500,000. Ana kai ƙara ga 'yan sanda ko ta manhajar Kollona Amn. Wadda abin ya same ta kada ta biya ko riyal ɗaya, kada ta goge saƙonnin, ta faɗa wa babba. Uwar da 'yarta ta zo mata da irin wannan magana ta fara rungume ta, faɗa ya biyo daga baya. Tsoron duka ne jarin mai barazana.

Sai gwajin jini. Saudiyya ta wajabta wa 'yan ƙasarta gwajin kafin aure tun 2004, Jihar Kano ma ta yi dokarsa a 2024. Cutar amosanin jini ta yi yawa a cikinmu, auren zumunci kuma yana ƙara haɗarinta. Idan namiji da mace duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. A yi gwajin tun kafin zukata su shaƙu, domin so hana ganin laifi ne.

Abin da muke kira gare shi

Ga iyaye: ku buɗe ƙofar falo. Ku faɗa wa 'ya'yanku tun yau cewa duk mai so ya zo gida, za a karɓe shi da shayi, ya zauna da ita a gaban muharraminta. Ku yanka wa'adi, wata biyu ko uku, ko ya turo ko ya ba wani wuri. Ku tambayi yarinya ita kaɗai, ta bakin uwarta ko gwaggonta, ku kuma karɓi amsarta. Ku rage lefe, ku yi walima daidai ƙarfi.

Ga samari: wanda ya san ba shi da niyyar aure cikin shekara, ya bar 'yar mutane. Ka faɗi gaskiyar aikinka da takardunka da iyalinka na gida. Abin da ba ka so a yi wa ƙanwarka, kada ka yi wa ƙanwar wani.

Ga 'yan mata: sanin mutum ta waya ba laifi ne da ba shi da gyara ba, gyaransa a kai maganar gida da wuri. Gwajin mai gaskiya ɗaya ne: ki ba shi lambar mahaifinki ko yayanki. Mai son aure zai kira, mayaudari zai kawo uzuri. Kada hoto ko bidiyo ya bar wayarki zuwa ga wanda ba mijinki ba.

Ga malamai da dattawan unguwa: kada a ɗaura auren da ba a san yadda za a rubuta shi ba, kada kuma a ɗaura ba a ji daga bakin amarya ba. Haɗa aure tsakanin marayu da zawarawa da masu ƙaramin ƙarfi sadaka ce mai gudana, Suratun Nur aya ta 32 ta ɗora wa al'umma ita.

Tambayoyin nazari ga halƙoƙin karatu

1. A gidanmu, ta wace hanya mai son 'yarmu zai iya gabatar da kansa a yau?
2. Wane kaya ne cikin kayan aurenmu za a iya cirewa ba tare da an taɓa sharaɗin Shari'a ba?
3. Mene ne bambanci tsakanin shawarar uba da tilastawarsa, bisa ƙissar Khansa'u da ta Barira?
4. Idan yarinya ta faɗa hannun mai barazana, wa za ta iya tunkara a unguwarmu ba tare da sirrinta ya bazu ba?

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya rufa asirin 'ya'yanmu maza da mata, Ya haɗa kowa da abokin zama nagari, Ya sa mu cika da imani a maƙwabtakar ManzonSa (SAW). Allah ne Mafi sani.